Na hau sukutar haya mai lantarki a Berlin, ga yadda ta kaya

Tun zuwana Berlin nake ganin abin nan a bakin titi, wata a tsaye wata a kwance a ƙasa kamar an yar, akwai koriya akwai ja akwai shuɗiya, amma ban taɓa sa wa raina zan hau ba. In nace sukuta kada wani ya ɗauka irin Besfar nan ce ta malaman makaranta da ma'aikatan gwamnati na da, mai kujera da inji, a'a wannan ba wurin zama sam, faranti ne siriri da zaka ɗora ƙafa, taya biyu ƙanana, sai doguwar sanda a gaba mai hannu irin na keke, batir ke janta, kuma a tsaye zakayi tafiyar tun daga farko har ka sauka. Jamusawa E-Scooter suke ce mata, wasu suce E-Roller. Kamfanonin da ke bada hayarta a garin nan sanannu ne, akwai Lime na Amurka, akwai Voi na Suwidin, Bolt na Estoniya, sai Dott wanda ya haɗe da Tier a 2024. Biyu daga cikinsu na gwada, kuma tunda akwai yabo akwai ƙorafi a maganar tawa ba zan kama sunan kowa ba, dama kusan duk tsarinsu ɗaya ne.

Abinda ya kai ni shine yajin aiki. Farkon 2025 ma'aikatan bas da jirgin ƙarƙashin ƙasa suka yi ta ajiye aiki, wani na kwana ɗaya wani na kwana biyu, tun daga Janairu har cikin Maris, ga sanyi kamar ya tsaga ƙashi. Ni a Wedding nake zaune, unguwar da ake kira ta Afirka saboda sunayen layukanta, akwai layin Kamaru akwai na Togo akwai na Gana da Senegal, har dandalin da ke kusa da mu ma an canja masa suna a ƙarshen 2022 ya koma Manga-Bell-Platz, don tunawa da sarkin Duala na Kamaru da matarsa, shi sarkin Jamusawa ne suka rataye shi a 1914. Rayuwata gaba ɗaya akan layin jirgin ƙarƙashin ƙasa na U6 take, daga tashar Rehberge nake shiga kullum, to ranar da babu jirgi sai na taka da ƙafa har tashar S-Bahn, wato ɗaya jirgin ƙasan na cikin gari, tunda ita ba ta cikin yajin. Ina tafe ina kallon mutane suna wuce ni fiiii akan sukuta, har na ciro waya zan sauke manhajar a nan take, sai abokin zamana, wani bawan Allah ɗan Damagaram da ya girme ni kuma ya riga ni zuwa ƙasar da shekaru, ya riƙe min hannu yace "Ƙanena, ba yau ba. Ranar da titi ya cika da mota kowa ransa a ɓace ba ranar koyo bace. Bari sanyi ya sauka, ni zan kai ka." Wallahi yanzu da na san abin, wannan shawarar ita ce mafi tsada a duk labarin nan.

Sai bayan ƙaramar sallah muka fita, ranar Lahadi da safe. Lahadi a Jamus shaguna a rufe suke, manyan kantuna ma haka, don haka layukan cikin unguwa shiru kamar an yi shara, wannan ita ce ranar koyo in kana ƙasar nan. Rijistar ba ta ɗau minti biyar ba, lambar waya, imel, katin banki, sai ka amince ka kai shekara 18. Dokar ƙasa daga shekara 14 ta yarda a hau sukuta kuma ba a neman lasin, amma kamfanonin haya 18 suka sa. Manhajar ta nuna min wasu hotuna guda huɗu ko biyar na ƙa'idoji, kada a hau mutum biyu, kada a bi hanyar masu ƙafa, a sa hular kwano, kuma gaskiya anan ƙorafina na farko yake, domin abin an yi shi ne yadda zaka shafa da yatsa ka wuce cikin sakan goma ba tare da ka karanta komai ba. Mutumin da bai taɓa hawa ba, bai san dokar titin ƙasar ba, cikin minti biyar an damƙa masa abin hawa an sake shi cikin motoci. Sauƙin ya yi yawa.

Taswirar cikin manhaja tana nuna maka duk sukutar da ke kusa da yawan cajin da ya rage mata. Ta farko da muka samu na ɗora kyamarar waya akan lambar QR da ke tsakiyar hannun, tayi ƙara ƙit ta kunna fitila, ni kuma har na ɗora ƙafa. Yayan nawa yace sauka, matsa birki tukuna. Na matsa na dama ya kama, na matsa na hagu sai naji hannun ya tafi har ya taɓa roba ba tare da ya riƙe komai ba, na tura ta gaba da birkin a matse tana tafiya abinta. Da na hau wannan na fita babban titi Allah kaɗai ya san yadda za a ƙare. Na rufe ta, na kai rahoto ta cikin manhajar cewa birki ya lalace, amma Yuro 1 na buɗewa da kuɗin minti ɗaya sun riga sun fita, sai daga baya suka mayar min a matsayin kuɗin hawa na gaba ba a asusuna na banki ba. Daga ranar na koyi duba abin kafin in buɗe, ba bayan na buɗe ba, a matsa birki biyun, a girgiza sandar a ji ko tana lilo, a kalli taya, a kaɗa ƙararrawa. Doka ta ce dole kowace ta zama da birki biyu masu zaman kansu da fitila da ƙararrawa, amma abu ne da ke kwana a waje cikin ruwa da ƙanƙara, mutum nawa suka hau suka jefar kafin kai, ba mai duba maka sai kai.

Ta biyu lafiyarta ƙalau. Abin da ya fara bani mamaki nauyinta ne, a ido kamar abin wasan yara amma ta kai kusan kilo 30, in ta faɗo maka a ƙafa zaka ji a jikinka. Ka ture ƙafar da take jingine a kai, ka ɗora ƙafa ɗaya a farantin, ka tunkuɗa ƙasa da ɗayar sau biyu ko uku har ta fara gangarawa, sannan ka danna totur da babban yatsan dama. In tana tsaye cik ko ka danna ba za ta tashi ba, an yi haka ne da gangan don kada ta fizge mutum. Amma fa da zarar ta kama tana da fizga, ba kamar babur ba da kake jin inji yana tashi a hankali kana jin ƙararsa, wannan shiru take kuma ƙarfin yana zuwa gaba ɗaya lokaci ɗaya. Karon farko na danna har ƙasa, jikina ya tafi baya hannuna ya ja sandar, tayar gaba ta fara rawa, da sauri na saki na dira da ƙafa. Yayana ya karɓi wayar ya shiga saitin ya kunna min tsarin 'yan koyo, wanda ke rage gudun zuwa wajen kilomita 15 a awa kuma tashin ya zama a hankali. Wannan tsarin na yaba masa ƙwarai, saidai an ɓoye shi can cikin saiti, ni a ganina duk wanda ya yi sabuwar rijista ya kamata ya same shi a kunne sai in shi ya kashe da kansa.

Tsayuwar ma akwai yadda ake yi. Ni na fara da jera ƙafa biyu gefe da gefe kamar mai tsayuwar sahu, ashe kuskure ne, in ka taka birki haka ba abinda zai tare ka sai ka tafi gaba ta saman hannun. Ƙafa ɗaya a gaba ɗaya a baya, gwiwa a ɗan sake kada ta sandare, in zaka tsaya ka mayar da nauyinka baya kamar zaka zauna akan kujerar da babu, sannan ka matsa birki biyun tare a hankali. Mun kai minti ashirin muna wannan kaɗai, in tashi in tsaya, in tashi in tsaya, in yi kwana in dawo, shi yana tsaye yana cewa sake. A raina ina ta lissafin kuɗin da ke tafiya, amma wannan Yuro 6 ɗin da na kashe ranar ban taɓa nadamarsu ba.

To bari in zo kan maganar kuɗi domin anan ne nake ganin asalin matsalar abin take, kuma ba wai tsadar kaɗai ba. Ni an caje ni Yuro 1 na buɗewa, sai wajen santi 25 duk minti, farashin yana ɗan hawa da sauka gwargwadon kamfani da lokaci, akwai kuma fakitin mintuna ko na yini da zaka saya ya ɗan yi sauƙi. Daga Rehberge zuwa Leopoldplatz kusan kilomita 2 ne, da tsayawa a danja na yi shi a minti 10, kaga Yuro 3.50 kenan. Tikitin gajeren zango na jirgin ƙasa a 2025 Yuro 2.60 ne, cikakken tikiti na cikin gari 3.80 wanda zai kai ka har ƙarshen Berlin, in kuma kana da Deutschlandticket, tikitin wata na shiga jirgi da bas, wanda yake Yuro 58 a shekarar to hawan jirgin ma ka riga ka biya. Don haka duk wanda yace maka sukuta araha ce bai yi lissafi ba. Amma abinda yafi damuna shine da minti ake cajinka ba da nisan tafiya ba. Kana tsaye a jar danja kuɗinka na tafiya. Ka rage gudu don wata tsohuwa ta tsallaka kuɗinka na tafiya. Ka tsaya ka duba hanya a waya kuɗinka na tafiya. Wannan agogon da ke bugawa a ƙwaƙwalwarka shi ke sa kaga yaro ya keta danja, ya hau hanyar masu ƙafa don ya yanke, ya ƙi sakin totur a kwana. Ni kaina da nake ganin ina da natsuwa na kama kaina ina jin haushin danja, abinda ban taɓa ji ba a kan keke. Tsarin da kansa yana tura ka ga sauri akan abin hawan da sauri ne babban haɗarinsa, alhali mun sani sauri kan haifi nawa. Shawarar da na yanke wa kaina ita ce kafin in buɗe sai in ɗauka na riga na kashe Yuro 5, in ya zo ƙasa da haka riba ce, sai naji hankalina ya kwanta a danja.

Gudun da doka ta yarda da shi a Jamus kilomita 20 ne a awa, tun da aka halatta sukutar a watan Yunin 2019 haka yake, kuma injin a ɗaure yake ba zai wuce nan ba. Wanda ya saba da ɗan acaɓa zai ce wannan ai tafiyar hawainiya ce. Hau ka tsaya a kai tukuna. Tayar ba ta fi faɗin farantin cin abinci ba, ramin da keke zai haye ko a jikinsa ita zai iya tsayar da ita cik, kai kuma ka ci gaba da tafiya ba ita. Berlin cike take da layukan da aka shimfiɗa da ƙananan duwatsu tun zamanin da, in ka shiga irin wannan har haƙoranka zasu riƙa haɗuwa, hannu yayi ta karkarwa, in an yi ruwa kuwa santsinsu ba a magana. Sai dakalin bakin titi, kada ka ce zaka haye shi da gudu ko a karkace, ka rage ka fuskance shi sosai ko kawai ka sauka ka tura.

Babban abin tsoro a wurina layin dogo na tiram ne, jirgin nan da ke bin tsakiyar titi. A mahaɗar Seestraße da Müllerstraße ana tsallaka shi, nan da sauƙi tunda a gicciye kake haye shi. Inda na gane kurena shine Kastanienallee ta wajen Prenzlauer Berg, inda ƙarfen ke tafiya tare da kai a gefe. Wata motar kai kaya ta tsaya ta tare gabana, na kauce hagu don in wuce, tayar gaba ta taɓa ƙarfen a kwance sai naji ta zame kamar an ja tabarma a ƙarƙashina. Allah ya taimake ni gudun kaɗan ne, na dira da ƙafa ɗaya sukutar ta faɗi gefe ta bugi idon sawuna, na yi kwana uku ina ɗingishi. Babu tiram a bayana a lokacin, kuma har yau in na tuna sai in yi hamdala. Ƙa'idar ita ce ƙarfen dogo a gicciye ake haye shi, ba a kwance ba, in babu sararin yin haka ka tsaya ka jira ko ka sauka.

Inda za ka bi ma doka ta fayyace, hanyar keke ce taka, in babu sai ka sauka kan titi tare da motoci ta gefen dama. Hanyar masu tafiya a ƙasa haramun ce ko da ka rage gudu, kuma akwai tara. Na san abinda ke kai sabon mahayi can, tsoro ne, kaga bas a bayanka sai kaji gara ka hau inda mutane suke. Na yi hakan sau ɗaya a ranar farko da na fita babban titi, wata dattijuwa mai sandar dogarawa ta tsaya cak ta dafe ƙirji saboda ba ta ji zuwana ba sai gani na tayi a gefenta, ta yi min faɗa sosai kuma tana da gaskiya, na sauka na ba ta haƙuri na tura abina da hannu har na fita. Sa'ar kakata ce. Abin ba shi da ƙara, tsoho ko makaho ko ƙaramin yaro ba zai san kana tafe ba. In titi ya fi ƙarfinka ka sauka ka tura, ko ka canja layi, ba wai ka mayar da tsoronka kan wanda ya fi ka rauni ba.

A kan titin kuma abu biyu yayana ya yi ta nanata min. Motocin da aka faka a jere, ka basu tazarar kamar tsawon hannu da ƙari, domin mutum zai iya buɗe ƙofa ba tare da ya waiga ba kuma kai ne zaka shige cikinta. Sai manyan motoci da bas a mahaɗa, kada ka taɓa tsayawa a gefen damansu in zasu yi kwana, direban ba lallai ya ganka ba, ka tsaya a baya ya gama kwanarsa. Maganar sigina kuma, wadda na hau tana da 'yan fitilu a ƙarshen hannu da ake kunnawa da maɓalli, na ji daɗin wannan sosai don sakin hannu ɗaya a kan sukuta ba kamar a keke bane, nan take take fara rawa. In ka samu mai sigina ɗauke ta ko da ta fi nisa da taku ashirin.

Waya a hannu kana tuƙi tarar Yuro 100 ce da makin laifi ɗaya a rijistar direbobi ta ƙasa da ke garin Flensburg, kuma wannan makin yana bin ka har kan lasin mota. Akwai wurin maƙala waya a jikin wasu, amma ni ban yarda da shi ba a kan duwatsun nan, aljihu nake sawa in haddace hanyar kafin in tashi. Dokar giya ma daidai take da ta mai mota, wannan mu bai shafe mu ba alhamdulillah, saidai ya shafe mu ta wata fuskar, daren Juma'a da Asabar waɗanda ke kan sukuta a gefenka ba duka ne a hayyacinsu ba, har manhajar takan sa ka wani ɗan gwajin saurin danna allo da daddare kafin ta buɗe. Goyo kuma babu, mutum ɗaya ne. Na san mu da son ɗauko ɗan uwa, a gida babur ɗaya mutum uku har da buhu, amma nan birkin da farantin ba a yi su don biyu ba, ina ganin samari suna yi kullum, ina kuma ganin yadda suke tangaɗi in sun zo tsayawa.

Akwai wata 'yar lamba da ke manne a bayan kowace sukuta, ta inshora ce, launinta na canjawa duk ranar 1 ga Maris, ta 2025 koriya ce. Mutane da yawa suna ɗauka tunda akwai inshora shikenan an rufe su. Wannan inshorar ta ɓarnar da ka yi wa wani ce, ka bugi mota ko mutum, ba ta raunin jikinka bace. Kuma hular kwano doka ba ta tilasta ba, kamfani ma ba ya baka, shawara kawai manhajar ke bayarwa. Ni bayan abin Kastanienallee na je na sayi ta keke, ba ta kai kuɗin hawa goma ba, ina rataye ta a jakar goyo. Da farko ina jin nauyin yawo da ita, yanzu ta zama kamar makullin ɗaki.

Wani abu da manhajar ba za ta taɓa faɗa maka ba saboda ba da mu aka yi tunaninta ba shine sutura. Ranar Juma'a na makara na ce bari in hau zuwa masallaci, ina sanye da doguwar jallabiya da takalmi silifas. Iska ta cika rigar tana ja na baya, gefenta yana kaɗawa daf da tayar baya, ga silifas yana zamewa duk sanda zan tunkuɗa ƙasa. Ban yi mita ɗari biyu ba na tsaya na tattare rigar na ɗaure a ƙugu. 'Yan uwa mata masu dogon hijabi ko abaya ko mayafi, dan Allah a kula da wannan sosai, a tattare duk abinda ke lilo kafin a tashi, a sa takalmi mai rufi. Leda ko jaka kuma kada a rataya a hannun sukutar, tana jan sandar gefe ɗaya, na gwada da ledar cefane sau ɗaya ban sake ba, jakar goyo ita ce daidai.

Sai ajiyewa, wanda nan ne raina ya fi ɓaci da kamfanin. Ba ko'ina ake rufe tafiya ba, taswirar tana da wuraren da aka yi wa ja, wuraren shaƙatawa, bakin ruwa, gaban wasu tashoshi, sannan akwai wuraren ajiya na musamman da aka shata da fenti, wasu da alama mai ruwan ɗorawa ta Jelbi, manhajar kamfanin bas da jirgin Berlin, in kana kusa da irinsu dole sai cikin layin zaka ajiye. Tsarin a kan kansa mai kyau ne. Matsalar ita ce wata rana na tsaya a cikin layin sosai, ƙafata akan fentin, amma manhajar ta dage wai ina wajen wurin da aka yarda, saboda GPS ɗin ya jefa ni tsallaken titi tsakanin dogayen gine-gine. Na matsa gaba ta ƙi, na dawo baya ta ƙi, na kashe data na kunna, minti shida ina wannan fama kuɗi na ta tafiya kuma ina da alƙawari da mutum. Da ƙyar ta karɓa. Na rubuta musu da hoton wurin, amsar farko ta na'ura ce ba ta ma taɓa abinda na faɗa ba, sai da na sake rubutawa bayan kwana biyu wani ya duba aka mayar min da kuɗin mintunan. Sun biya, na basu wannan, amma wanda bai iya Jamusanci ko Turanci sosai ba ko bai da haƙurin bi haka zai bar musu. Don haka in ka gama, ka ɗau hoton da suka nema, ka tsaya har kaga rasit ya fito a allo kafin ka juya baya, in ba haka ba tana nan a buɗe da sunanka.

Kuma a ajiye ta da mutunci. Ba a bakin ƙofar mutane ba, ba a gicciye a hanya ba, ba akan layin nan mai ƙuraje da makafi ke bi da sanda ba. Na taɓa ganin wani makaho sandarsa ta harɗe da wata da aka yar a kwance, wani saurayi ne ya ruga ya janye ta. Irin wannan ne ya sa mutane da yawa suka tsani abin, a Faris ƙuri'a aka kaɗa a Afrilun 2023, kusan kashi 90 cikin ɗari na waɗanda suka fito suka ce basa so, daga 1 ga Satumba na shekarar aka kwashe na haya gaba ɗaya daga birnin. A nan Jamus ma garin Gelsenkirchen ya rabu da su a 2024. Ni ba na fatan a kwashe su a Berlin don sun yi min rana, amma na fahimci masu fushin.

In za a tambaye ni maki, uku da rabi cikin biyar zan bayar. Inda take da amfani ta yi amfani sosai, dare ya yi bas sai bayan minti ashirin, ko wurin da zaka je yana da nisa da tasha, ko ranar yajin aiki in ka riga ka iya. Akwai wani daɗi kuma da ba zan ɓoye ba, da yamma lokacin zafi ka biyo gefen dajin Rehberge iska na kaɗa ka ba ƙarar inji ba hayaƙi, wallahi har ka manta da gajiyar yini. Amma tafiyar da ta wuce minti goma sha biyar jirgi ya fi, ranar ruwa ko ƙanƙara ko lokacin da ganye ya zube ya jiƙe a titi ba na ko kallonta, haka in ina da kaya. A wata yanzu bai fi in hau sau huɗu ko biyar ba.

Makon jiya wani yaro ɗan Katsina da ya zo karatu ya nuna min wayarsa ya sauke manhajar, yace gobe Litinin da ita zai tafi makaranta don kada ya makara. Nace masa ya shiga jirgi goben, Lahadi mai zuwa ƙarfe tara na safe ya same ni a Manga-Bell-Platz da takalmi kambas, zan zo masa da hulata.